Mutum Shida, In Ji Mai Lifta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki gaba ɗaya. Yaya ƙafar taki? Yaya kunnen kuma? Amsar ta biyun na san ta, don da ya warke da ban zauna ina ɓata tawada ba. Shekaranjiya na yi minti goma a waya ina zayyana miki abin da ya dame ni, kika ce mini, "To madalla, Allah ya ƙara." Shi ya sa na nemo takarda. Kuma ko da kina ji, a gidan nan ba a waya a ɓoye. Mijin ƙanwarki gwiwa ce kawai ta mutu masa, kunne kuwa ko allura ta faɗi sai ya tambayi lambarta.

Yaya, mutumin nan so yake ya sa mini hawan jini.

Kin san shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa lifta a dogon benen nan na ofisoshi mai hawa goma sha huɗu, yana kai mutane sama yana sauko da su, har abokan aikinsa suka manta sunansa suka koma ce masa Sama-da-Ƙasa. Kin kuma san bakinsa bai taɓa rabuwa da ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikinta ba: mutum takwas, kilo ɗari shida da talatin. In an wuce haka ƙararrawa ta yi kuka, ƙofa ta ƙi rufuwa, ba inda za a je. Na ɗauka in ya yi ritaya zan huta da allon nan. Ashe ban ga komai ba.

Wata uku ke nan, ina kan keke ina ɗinki, shi yana rungume da rediyonsa, aka ce mutanen duniya sun haura biliyan takwas. Ya zabura har sai da na ɗinke aljihun rigar mutane ta baibai. Ya ce lokacin da aka haife shi ba a kai biliyan uku ba, yanzu a idonsa, cikin rai ɗaya, an kusa ninkawa uku. Tun ranar ya nemi littafi da fensir. Ya lissafa ruwa, ya lissafa gonaki, ya lissafa har kifin teku, shi da bai taɓa ganin teku ba. Cewa yake duk abin da ke ɗaukar mutane yana da allonsa, duniya ce kaɗai aka cika ba wanda ya tsaya ya karanta nata. Na ce masa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ya ce wanda ya tsaga bakin shi ya ba da hankali, kuma wanda ya cusa mutum ashirin a lifta ya ce Allah zai riƙe igiya, to ya shirya ganin ƙasa da wuri. Na ce to ai sai ka rubuta wa duniya wasiƙa. Wallahi sai da ya tambaye ni adireshi.

Duk wannan da sauƙi, don surutu ne, ni kuma na saba. Ga inda gizo ke saƙar. An ba 'yarmu, 'Yar Baba, da mijinta takardar tashi. Za a rushe gidan da suke haya a gina wanda ya fi shi tsawo, wata ɗaya aka ba su. Sun zagaye gari, duk ɗakin da aka ce babu kowa sai su tarar da iyali goma a bakin ƙofa. Ga ta da ciki wata takwas, ga 'yan matanta biyu. Na ce su taho nan. Shi ma, ba zan ci haƙƙinsa ba, kafin in rufe baki ya ce su taho. Ita kaɗai gare mu, ina za ta?

Sai kuma ya ɗauko tef ɗina na awo. Kwana uku yana rarrafe da wannan gwiwar, ya auna ɗakunan kwana biyu, ya auna falo, ya auna kicin. Ya sa ni riƙe bokiti a bakin famfo yana duba agogo, don kin san awa biyu ake sako mana ruwa daga tankin gidan. Rana ta huɗu na fito na tarar ya yanki kwali ya kafa a ƙofar shigowa, da manyan baƙaƙe: MUTUM SHIDA. Na ƙirga da yatsu, ni, shi, 'Yar Baba, mijinta, yara biyu. Shida cif. Na ce to na cikin fa? Bai dube ni ba, ya ce lissafi ba ya ƙarya.

Abin da zai ba ki haushi, akwai ƙaramin ɗakin nan na kusa da banɗaki, ko leƙa shi da tef bai yi ba, wai akwai masu shi. Masu shi su ne tarkacen tsohuwar liftarsa, da ya kwaso lokacin da aka cire ta aka sa sabuwa mai tuƙa kanta: ƙofar ƙarfe mai naɗewa, igiyoyi masu baƙin mai, ƙaramin inji, maɓallai cikin kwalaye, da jaridun shekara ashirin. Mabuɗin yana wuyansa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a lifta ya zo ya zaunar da ni a hawa na huɗu a gidan da ba lifta, matakala sittin da huɗu, shi kansa rabonsa da ƙasa wata takwas. Amma ƙarfe ya samu ɗaki.

Ki yi mini addu'a, don Asabar za su tare. Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki har kullum,
ƙanwarki Sarkin Mita, tunda haka kika ga dama kike kirana.

* * *

Yayata abin ƙaunata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun wuni lafiya, da fatan ciwon ƙafa ya yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, na ga inda kika ce in yi haƙuri, tsufa ne. Ke ma ai kin girme shi da shekara biyu, ban ga kin kafa allo a ƙofarki ba.

Sun tare, yau kwana goma sha biyu. Gidan ya cika kam, ba zan ɓoye miki ba. Keken ɗinkina ya koma lungun falo, katifar yara da safe a jingine ta a bango, takalma a bakin ƙofa sai ka ce na masallaci. Layin banɗaki da safe kuwa ba a magana. Amma Yaya, rabon da in ji gidan nan da rai haka har na manta. Ƙaramar ta koyi zura mini zare a allura, babbar tana karanta mini duk abin da ta ga an rubuta, har jikin gwangwanin madara.

Surukinki malamin makaranta, mijin 'Yar Baba, yaƙi yake da mijin ƙanwarki, sai dai yaƙin ba ya da sauti. Yaron akwai kunya. In tsohon ya fara wa'azinsa na biliyan takwas, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Da safe kuma kafin ya fita aiki sai ya yanko wani abu daga jarida ya tura ƙarƙashin rediyo. Rannan labarin wasu ƙasashe ne da ake rufe makarantu don babu yaran da za su shiga. Wata rana kuma wai masana sun ce haihuwa tana raguwa kusan ko'ina, za a kai wajen biliyan goma a tsaya, daga nan a fara komawa baya. Tsohon ya karanta da tabarau biyu, ya rubuta amsa a gefe da jan biro, ya saka masa cikin takalmi. Na ga ɗaya, ya rubuta: lifta ba ta jiran ta kai hawa na goma kafin igiya ta tsinke. Da yamma su gaisa kamar ba su ba. Ni ce mai share takardun.

Akwai abin da yaron ya faɗa mini a kicin da ya zauna mini a rai. Ya ja ni taga ya nuna mini mai motoci biyun nan na hawa na ɗaya, da ke janyo tiyo daga tankinmu kullum safiya ya yi ta wanke motocin da ba inda suka je. Ya ce, "Mama, ruwan da ke bin kwata can ya fi wanda mu shida muke sha mu yi wanka mu yi wanki." Na ce ka je ka gaya wa surukinka mana. Ya ce ya fi ƙarfin bakinsa, amma yana neman jaridar da ta faɗa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya muna cin abincin rana gaba ɗaya, babbar yarinyar, mai karance-karancen nan, ta ce, "Kaka, in Mama ta haihu mu nawa ke nan?" Ya ce bakwai. Ta ce to ai allon ƙofa shida ya ce. Na zungure shi da ƙafa ta ƙarƙashin tebur, na ɓata fuska, na yi tari. A banza. Ya ajiye cokali ya ce mata, da wannan muryar tasa ta aiki, "In ƙararrawa ta yi kuka, mutum ɗaya ne ke fita, sai a tafi lafiya."

Wa bai sani ba, a lifta wanda ya shigo ƙarshe shi ke fita? 'Yar Baba ta dafa cikinta, ta dube shi, ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe. Mijinta ya bi ta. Shi kuwa gogan ya ci gaba da cin abincinsa, har yana tambaya ko akwai sauran miya. Na ce akwai, amma ta mutum shida ce, kuma na ƙirga babu kai. Bai ma gane na gaya masa magana ba.

Ta ƙi buɗe mini ƙofa sai la'asar. Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Mama, ni Baba zai ƙirga wa ɗa kamar buhun siminti?" Na ce ki rabu da shi, rediyo ne ya shiga kansa. Ta ce ba rediyo ba ne ya kafa ƙusa a ƙofa.

Ki gaida yara. Ki rubuto, amma don Allah kada ki sake ce mini tsufa ne.

Ƙanwarki,
Sarkin Mita.

* * *

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce dai babu.

Za su tafi. Asabar mai zuwa. Mijinta ya yi magana da danginsa, can inda sai an kwana biyu a mota, sun ce akwai ɗaki, kuma zai nemi a mayar da aikinsa can. Na ce da cikin wata tara za ki hau wannan hanyar? Ta ce gara ta haihu a mota da ta haihu a gidan da aka rubuta wa ɗanta a ƙofa cewa ya yi yawa. Kin san ta, kan ubanta ta ɗauko sak. In ta tafi a kan wannan fushin ba za ta dawo ba, na san abin da na haifa. Yaran za su girma ina jin muryarsu a waya sau biyu a shekara, wanda ke cikin kuwa ko kamanninsa ba zan sani ba.

Na roƙe shi. Ni da ban iya roƙo ba, na zauna a gabansa na ce ka cire kwalin nan, ka kira 'yarka ka ce wasa kake. Ya ce ba wasa yake ba, kuma shi bai ce wa kowa ya fita ba. Na ce to me ka ce? Ya ce abin da ya ce ke nan. Na tashi na fizge kwalin na yayyaga na zuba a shara. Washegari na tarar ya buɗe gwangwanin man girki ya daddaƙa shi ya miƙe, ya rubuta da fenti, ya kafa da ƙusa huɗu. Kwana huɗu ke nan ban ce masa ko sannu ba. Abincinsa a kan kujera nake ajiyewa.

Kuma wasu sababbin tsirfa ya tsiro da su. Mutumin da ko banɗaki sai da sanda, yanzu kullum da hantsi sai ya fita ya sauka hawa ɗaya ya hauro, gumi sharkaf, yana nishi kamar tsohuwar mota. Jiya hawa biyu ya yi. Na ce a raina gudun hayaniyar jikoki har ta kai haka? Ya sa an wanke masa tsohon yunifom ɗinsa mai maɓallan tagulla. Sau biyu ina kama shi a taga yana yafito maigadi, in ya hauro su yi ƙus-ƙus a bakin ƙofa, da na fito su yi shiru. In shirin yi musu rakiya yake har ƙasa don ya tabbatar sun tafi, wallahi ba zan yafe masa ba.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Talata na je sayen zare, motar ta bi ta bayan gari, inda muke zuwa sayen ganye a gona lokacin da na yi aure. Yaya, babu gona ko ta tafin hannu. Bene ne a kan bene, shanya a kowace taga, a bakin famfo ɗaya na ƙirga jarka arba'in da wani abu kafin mu wuce. Ƙoramar nan da muke tsallakawa ta zama kwata. Sai na ce a raina kada dai tsohon nan yana da gaskiya. Ban san ko ƙasa za ta ɗauke mu duka ba, ni tela ce, abin da na sani in yadi bai kai ba bai kai ba. To amma ko da gaskiyarsa, a kan jikana za a fara rage mutane?

Ke shaida ce, shekara goma sha ɗaya muka yi ba haihuwa. Kin tuna asibitocin da muka zaga, da maganganun da na sha daga danginsa, shi yana tare mini. Ranar da aka haifi yarinyar nan kuka ya yi a gaban mutane. Tana wata uku ya sa na kai masa ita wurin aiki, ya yi ta hawa da sauka da ita a lifta yana nuna wa kowane ofis. Shi ya sa mata 'Yar Baba. Yau wannan mutumin ne ke kallon akwatunanta a falo yana fiƙe fensir. Ina jin haushinsa har cikin ƙashina, kuma ina jin tsoro.

Ki sa mu a addu'a. Ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa yau.

Ƙanwarki.

* * *

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, ki kuma sa tabarau, don ba zan maimaita ba.

An sauka lafiya! Yau Alhamis da safe naƙuda ta taso, saura kwana biyu tafiya. Da ƙyar muka sauko da ita matakalar nan ni da mijinta, muka bar yara wurin maƙwabciya. Kafin azahar ta haihu, mace, ta uku, da goshin kakanta da komai, Allah ya shirya. Uwa da 'ya kalau. Aka ce sai gobe za a sallame su. 'Yar Baba ko numfashi ba ta gama mayarwa ba ta ce wa mijinta ya ɗaga tafiyar da sati ɗaya kawai, ba fasawa.

Da la'asar na dawo ɗaukar mata kaya. Na hau, na buɗe ƙofa, na yi sallama shiru. Gadonsa a gyare, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi. Babu sanda, babu rediyo, babu littafin lissafi, babu yunifom. Allon gwangwani na nan a ƙofa. Na leƙa banɗaki, na leƙa taga ina kallon ƙasa ina salati. Na sauko ina kiran maigadi tun daga hawa na uku.

Maigadin ya nuna mini ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, inda ake ajiye tsintsiya da injin tura ruwa. Na tura ƙofa. Ga mijin ƙanwarki zaune a kan tabarma cikin yunifom, maɓalli har wuya, jakarsa a gefe, rediyo a kan bokiti. Wurin ko miƙewa tsaye ba a yi. Maigadi ya ce tun da aka bugo waya aka ce an haihu ya kamo hanya, kusan awa ɗaya ya yi kafin ya iso ƙasa, kuma sati uku ke nan da ya roƙi a share masa ɗakin.

Na ce me kake yi a nan, kai kuwa? Ya ce, "An zama bakwai." Na ce sai aka yi yaya? Ya dube ni kamar ni ce marar hankalin. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana aiki, bai taɓa buɗe baki ya ce wa wani ɗan Adam fita ba. Mai tuƙi ma mutum ne, yana cikin takwas ɗin. In ƙararrawa ta yi kuka, sai ya nuna wa na kusa maɓallin da zai danna, shi ya fita ya bi matakala ya tarye su a sama. Wata rana sau biyar, wata rana sau goma, hawa goma sha huɗu. Ya ce, "Ke da kina tsammanin me ya cinye gwiwar?"

Ni duk zamanmu na ɗauka tsayuwa ce. Shekara talatin ina dafa masa ruwan gasa gwiwa ina mita, bai taɓa gaya mini ba.

Na ce to don Allah da ka ga yarinya tana haɗa kaya, me ya hana ka buɗe baki ka ce kai za ka fita? Ya ce ba a faɗa. In ka faɗa sai a fara a'a ni zan fita, a'a kai zauna, ƙofa a buɗe, kowa ya makara. Fita kawai ake yi. Kuma shi ya ɗauka akwatunan nan gyaran wuri take wa jariri, don in ana maganar tafiya a ɗaki ake rufe ƙofa, ni kuma na daina yi masa magana. Kin ji mai kunnen jin faɗuwar allura! Na zauna a kan injin ruwan nan na yi kuka, ina kuka ina zazzaga masa masifa, har maigadi ya ja ƙofa ya ba mu wuri.

Da na share hawaye na ce tsaya, Sama-da-Ƙasa, ni ma na yi shekara talatin da ɗaya a liftar nan, da kunne. Ba kai ka ba ni labarin babban daraktan da ya shigo da akwatin ƙarfe na ajiyar takardu ba, ku biyu rak, ƙararrawa ta ƙi yin shiru? Ba kai ka ce ranar da 'yan makaranta suka zo ziyara ka ɗauki goma sha uku ko ƙyas ba ta yi ba? Ya ce haka ne, ai ƙararrawa ba ta san kai ba, nauyi ta sani. Na ce to madalla. Wa ya fi nauyi a gidana, jaririyar da ba ta cika kilo uku ba, ko ƙarafan da ka kulle a ɗaki? Ya kai hannu wuyansa inda mabuɗin yake. Can ya ce wannan ɗakin shi ne duk abin da ya rage masa na aikinsa. Na ce na sani. Na yi juyin duniya ya hau, ya ƙi. Nan na kawo masa bargo da abinci.

Gobe za a sallamo su. Ban san yadda za ta kaya ba. Zan riƙe wasiƙar nan in haɗa da ta gobe.

Ƙanwarki.

* * *

Yaya,

Sallama kuma. Ga ƙarashen.

Tun a asibiti na kwashe komai na gaya wa 'Yar Baba. Ta juya fuska bango. Da muka iso gida da hantsi, ta leƙa ɗakin tsintsiya ta gan shi. Ba ta gaishe shi ba. Ta nemi matakalar farko ta zauna da jaririya a cinya, mace mai ɗanyen jego, a kan siminti. Ta ce, "Baba, in shida ne, to mu biyu ma a nan za mu zauna, sai a samu rara a sama." Ya ce ta tashi sanyi zai kama ta. Ta ce sai ya wuce gaba. Ya ce lissafi. Ta ce ita ma ta iya. Maƙwabta suka fara taruwa, har mai motoci biyu ya kashe tiyonsa ya zo kallo. Kai biyu iri ɗaya, ni a tsakiya da fulas da jakar zannuwa, ina ji kamar in haɗa su in gwara.

Jaririyar ce ta raba gardamar, ta tsala kuka. Ya dube ta, ya dubi uwar. Sai ya cire igiyar mabuɗin daga wuyansa ya miƙa wa surukinsa, ba tare da ya kalle shi ba. Yaron ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Haka ne, Baba," ban san me ya sa ba.

Haka aka yi ta, ƙarfe yana sauka shi yana hawa. Surukin da maigadi da maƙwabta biyu suna kinkimo igiyoyi da inji, shi yana jan ƙafa da sanda, matakala ɗaya ya huta, 'Yar Baba tana bayansa da taki ɗaya, ta ƙi wuce shi. A hawa na biyu aka zo wucewa da ƙofar nan mai naɗewa. Ya ce su tsaya. Ya shafa ta, ya buɗe ya rufe sau ɗaya, ta yi ƙarar da na san ta da ita a labari. Ya ce su tafi da ita. Ban kalli fuskarsa ba, don na san ba zai so ba.

Awa ɗaya da kwata muka yi. A bakin ƙofa ya jingina da bango, ya ce a ba shi yarinyar. Ya ɗora ta a tafin hannuwansa yana ɗagawa yana saukewa a hankali, ya ce, "Wannan ko allurar sikeli ba za ta motsa ba." A nan 'Yar Baba ta fashe da kuka ta kifa kai a kafaɗarsa, kan maɓallan tagullar. An kwance akwatuna. Ba inda za su.

Kada ki ɗauka ya tuba. Da yamma ina shafa masa magani a gwiwa, ta kumbura kamar tulu, ya ce mini gidan nan ya tsira don yana da ɗakin tarkace, yana kuma da ƙarƙashin matakala. Duniya fa, in tata ƙararrawar ta yi kuka, ina matakalar da mutum zai bi? Na dai ce masa ya miƙe ƙafa. Da safe na ga sabuwar takarda ƙarƙashin rediyo, ya kuma nemi jan bironsa.

Ya auna ƙaramin ɗakin da tef ɗina, 'yan matan sun koma ciki. Ya sa an ciro gwangwanin ya goge ya sake rubutawa. Yanzu cewa ya yi MUTUM TAKWAS, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe, BAN DA KAYA. Na ce ai mu bakwai ne. Ya ce ya sani, akwai wurin mutum ɗaya, in rubuta miki ki zo ki ga jikarki tun ƙafarki tana iya matakala. Amma ya ce in ja miki kunne, wanda ke ji ɗin: ƙaramar jaka ɗaya. Wannan adakar taki ta ƙarfe ki bar ta a gida, in ba haka ba zai sake sauka, ni kuma ba zan iya hauro da shi sau biyu ba.

Muna jiran ki. Kowa yana gaishe ki, har da mai goshin.

Taki har abada,
Sarkin Mita.